Rumfar da ba ta sa nama: ko Musulmi zai iya ci a can?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗalibi ne, ban daɗe da zuwa Maleshiya karatu ba, kuma nakan tsallaka Singafo lokacin hutu. A wuraren cin abinci na kasuwa ina ganin rumfunan Sinawa da suka rubuta ba sa sa nama ko kifi, abincinsu kuma da araha. Amma in na leƙa tirensu sai in ga wani abu kamar gasasshiyar agwagwa, har da jan nama irin na alade. Abokaina Malay ba sa ko kallon wajen. Shin zan iya ci? Me ya kamata in lura da shi?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Agwagwar da ka gani ba agwagwa ba ce, jan naman nan kuma bai taɓa kusantar alade ba. Idan aka tafasa madarar waken suya, wata yana takan taso a sama. Ita ake kwashewa a shanya, a naɗe, a soya har ta yi ƙus-ƙus, a kira ta agwagwa. Jan kuwa daga fulawa yake. Ana kwaɓa ta ne a yi ta wankewa cikin ruwa har sitacin ya fita, sai wani abu mai danƙo ya rage, a dafa shi da kayan ɗanɗano, a shafa masa jan launi. Sauran yawanci naman kaza ne na daji, wato laimar kwaɗi irin wadda ake ci, da kabeji, da awara. Awarar nan dai da ka sani a gida, daga ƙasar Sin asalinta yake, don haka ba baƙon abu za ka tarar ba.

Masu irin waɗannan rumfuna galibi mabiya addinin Buda ne, kuma barin nama ibada ce a wurinsu, ba kwalliya ba. Shi ya sa nake ganin hankalinka ya fi kwanciya a nan fiye da a rumfar gama-gari inda za ka nuna ganye ka ce a zuba maka. Cin ganye a rumfar gama-gari shi ne kuskuren da baƙi suka fi yi. Ganyen da ke rumfar gama-gari ta Sinawa ana iya soya shi da kitsen alade, ko a zuba masa romon ƙashi, kuma cokali ɗaya ne ke yawo tsakanin tiren nama da na ganye. Soyayyar taliyar nan da ake kira char kway teow, a girkin gargajiya da kitsen alade ake yin ta, ko da ba ka ga tsoka ko ɗaya a farantin ba. A rumfar da ba ta sa nama kuwa, tukunya da kasko da mai duk ba su san nama ba. Ka koyi gane alamarsu: harafin 素 ko 斋 a jikin allon rumfar.

To amma rashin nama daban, shaidar halal daban. A Maleshiya hukumar JAKIM ce ke bayar da shaidar, a Singafo kuma MUIS, kuma akasarin waɗannan ƙananan rumfuna ba su da ita. Abin da zai iya shiga tsakaninka da farantin shi ne giyar girki. Sinawa na da giyar shinkafa da suke ɗigawa a miya da soye-soye, wadda ta fi suna ita ce ta Shaoxing. Mai bin addinin Buda sau da ƙafa ba ya sa ta, domin barin kayan maye na cikin ƙa'idoji biyar na addininsu. Sai dai ba kowane mai rumfa ne mai tsantseni ba. Wani kasuwa kawai ya gani ya buɗe. Don haka ka tambaya kai tsaye. A Maleshiya ka ce "ada arak?", wato "akwai giya?", a Singafo Turanci ma ya isa. Ba sa jin haushin tambayar, sun saba, don abokan cinikinsu ma masu tambaye-tambaye ne: wani ba ya cin ƙwai, wani ba ya shan madara. Abin da na fi ba da shawarar a yi hattara da shi shi ne dahuwar da aka daɗe ana yi cikin baƙin romo, da miyar ganyayen magani. Soyayyen kabeji da farar shinkafa da awara ba su cika zuwa da matsala ba.

Game da abokanka Malay, kada ka ɗauka suna ganin ka yi saɓo ne, kai ma kada ka ɗauke su masu tsanani. Su Shafi'iyya ne. A mazhabarsu duk abin da alade ko kare ya taɓa da danshi sai an wanke shi sau bakwai, ɗaya da ƙasa. Mu da muka tashi a Malikiyya an koya mana a wanke najasa da ruwa mai tsarki har ta gushe. To a babban zauren cin abinci inda ake iya haɗa kwanukan rumfuna da yawa a wanke wuri guda, kwano da cokali su ne damuwarsu, ba abincin kaɗai ba. Shi ya sa a Singafo za ka ga wurin mayar da tire kashi biyu, na halal daban, na sauran daban. Tiren rumfar da ba ta da shaida yana zuwa ɓangaren sauran ne ko da ganye zalla ka ci. Kada ka kai shi na halal, za ka ɓata wa mutane rai. Idan zuciyarka ba ta natsu da kwanon ba, ka ce a ƙunsa maka, "bungkus", ka ci da cokalinka. Hukuncin kansa kuwa na malamai ne, kuma limaman masallatan can sun sha amsa wannan tambaya.

Yanzu batun baki. Zuwan farko za ka ji abincin salam, kamar an manta da wani abu. Ba mantuwa ba ce. Masu tsantseni cikinsu ba sa sa albasa da tafarnuwa da danginsu, suna ganin suna tayar da sha'awa da fushi. Bahaushen da ya saba miya ba ta farawa sai an soya albasa zai ɗan sha mamaki. Citta da barkono da man riɗi da laimar kwaɗi ne ke riƙe ɗanɗanon. Ka nemi yajinsu a gefe, shi ma an yi shi ba tare da dakakken jatan lande da ake sawa a na Malay ba. Abincin safe da aka fi sani shi ne siririyar taliyar shinkafa, bee hoon, da kabeji da 'yar agwagwar ƙaryar nan a kai, da ɗanyen barkono kore da aka jiƙa a ruwan tsami. Da rana kuma shinkafa ce, kana nunawa da yatsa ana zubawa, kuɗin na ƙaruwa da yawan abin da ka nuna.

A nan zan ɗan ja kunnenka, don mutane na ɗauka duk abin da babu nama lafiyayye ne. Naman ƙaryar nan mai da gishiri sun yi masa yawa, mafi yawansa tsamo shi ake daga kaskon suya. Ka ɗanɗana don ka san shi, amma abin yau da kullum ka riƙe ganye iri biyu da awara ko wake. Wanda kuma cikinsa ba ya shiri da alkama ya guje shi gaba ɗaya.

Idan ɗanɗanon ya ƙi zama, akwai rumfunan Indiyawa marasa nama, a Brickfields cikin Kuala Lumpur ko unguwar Little India ta Singafo. Su akasarinsu suna sa albasa da tafarnuwa da yaji mai ratsa hanci, giya kuma ba ta cikin girkinsu na gida. Thosai, wata faffaɗar waina ta ƙullin shinkafa da wake, da miyar wake da shinkafa a kan ganyen ayaba sun fi kusa da bakinmu, in ka tambaye ni.

Ka je da wuri, domin da yawa cikin rumfunan Sinawan na safe ne zuwa azahar. Ranar 1 da 15 ga watansu na gargajiya layi kan yi tsawo, saboda ko masu cin nama sukan kame a ranakun. Haka kwanaki tara na farkon watansu na tara, wajen Satumba ko Oktoba, lokacin da za ka ga tutoci rawaya sun cika tituna a Penang ta Maleshiya. A Singafo in ka ga ƙunshin tishu a kan teburi, wani ne ya kama wurin, ka nemi wani. Kuma ka kwashe tirenka da kanka idan ka gama: tun watan Satumba na 2021 doka ce, karon farko gargaɗi a rubuce, na biyu tarar dalar Singafo 300.