Kafin ku sayi tirela da kuɗinta

Ƙanena, saƙonka ya same ni ina kan hanya a jihar Tenesi, sai yau da na dawo gida Girinsboro na samu zama. Ka ce shekara 7 kana jan tirela tsakanin Kano da Legas, wadda za ka aura 'yar ƙasa ce a nan Amurka, ma'aikaciyar jinya, ta tara dala 35,000. Shawararku ita ce da ka sauka ku sayi kan mota, kai kana tuƙi ita tana neman lodi, riba a raba. Kana tambaya ko zai yiwu, tunda ka ji ni da maiɗakina sana'armu ke nan.

Zai yiwu, amma ba a shekarar da ka sauka ba, kuma ba da kuɗinta gaba ɗaya ba.

Idan da bizar neman aure ta K-1 za ka shigo, doka ta ba ku kwana 90 ku ɗaura aure, daga nan ka nemi girin kad, wato takardar zaman dindindin, ka zauna jira. Dokokin biza suna ta sauyawa, wannan ku bar wa lauya. Lasisinka na Najeriya ba ya aiki a nan. Sai ka shiga makarantar tuƙi da hukuma ta amince da ita, wanda ya zama dole tun Fabrairun 2022, ka ci jarrabawar lasisin tuƙin manyan motoci, wato CDL ajin A. A 2025 an ƙara matse baƙin da ba su da girin kad a kan lasisin, kuma jami'i na iya tsayar da kai a hanya ya gwada Turancinka, in ka kasa ya ajiye maka mota. Abin da zai fi yi maka ciwo shi ne shekarunka 7 na hawan Jebba da Mokwa ba sa cikin lissafin masu inshora. A wurinsu jiya ka fara, kuma yawancinsu sai sun ga shekara 2 a lasisin kafin su yi maka farashin mutunci.

A gida direba sarki ne. Yana da yaran mota, ɗan kamasho ya nemo masa lodi, taya ta fashe yara su sauka. Nan kai ne direba, kai ne yaron mota, kai ne mai biyan balas ga banki. Akwai na'ura a jikin motar da ke ƙirga maka lokaci: awa 11 na tuƙi cikin awa 14, sai hutun awa 10 dole, kuma kada ka wuce awa 70 a kwana 8. Ba goro, ba shayi mai kauri a ce a ƙarasa Legas kafin asuba.

Ga lissafin tafiya ɗaya da nake yawan yi. Daga nan zuwa Dalas kusan mil 1,100 ne. A ce dillali ya ba ka dala 2 kan kowane mil, dala 2,200 ke nan, in ka juya shi zuwa naira sai kanka ya yi nauyi. To mota tana cin galan ɗaya a mil 6 zuwa 7, wato wajen galan 170, kusan dala 700 in galan yana dala 4. Dillali ba zai biya ka ba sai bayan kwana 30, in kana gaggawa ka sayar wa masu sayen rasit su yanki kasonsu. Cire bashin mota, cire inshora. Hukumar FMCSA mai kula da manyan motoci tana neman inshorar dala 750,000 ne, amma dillalai sai ta miliyan ɗaya, da ta kaya daban. Ga harajin mai na IFTA duk wata 3, ga dala 550 na babbar mota duk shekara, ga taya 18 da kowace ke jiran ranarta. Rajistar kamfanin a wurin hukuma dala 300 ce kacal, ita ce ma ke yaudarar mutane su ɗauka abin da sauƙi. Kuma in ka isa Dalas ba ka samu lodin dawowa ba, ka sha mai a banza.

Mu a 2021 muka saya, lokacin da kaya suka yi yawa motoci suka yi kaɗan, kowa yana cewa yanzu ne lokaci. Tsohuwar mota muka ɗauka da tsada, rabin kuɗin shigar kuwa na maiɗakina ne, na adashinta da na kitson da ta yi shekara 5 tana yi. Da 2022 ta shigo kuɗin lodi ya fara zubewa, a watan Yuni man gas ya haura dala 5 da rabi. A 2023 kamfanin tireloli na Yellow, mai kusan shekara 100 da ma'aikata wajen 30,000, ya rufe. In giwa ta faɗi, ka san halin da zomo yake ciki.

A hunturun waccan shekarar motata ta mutu a kan babbar hanyar I-80 cikin jihar Wayomin, iska tana girgiza kan motar, ƙanƙara ta rufe gilashi. Mai janwe ya karɓi nasa, gareji suka ce kwana 9. Na kira gida. Ba ta tambaye ni ko ina da bargo ba, cewa ta yi: "Ba tun garin Denba na ce ka tsaya a duba wannan fitilar gargaɗin ba?" Gaskiyarta ce, ta faɗa, ni na ƙi don kada lodi ya makara. Amma a daren nan matata nake nema a waya, sai na samu mai hannun jari. Mun yi mako 2 ba ma magana sai ta lodi. Tun daga ranar take kiran motar kishiyarta, wai ita ke kwana da ni, ita ke cinye kuɗin cefane, in ta yi tari kuma kowa ya tashi tsaye.

Wannan shi ne abin da nake so ka ji da kyau. Ko a haka mu da aure da 'ya'ya biyu, da manya da za a kai wa ƙara. Ku ko sadaki ba a yanka ba. Wata rana ita ce za ta kira ka ƙarfe 3 na dare ta ce ka tashi akwai lodi, ita ke riƙe da asusu, ita ta kawo ka ƙasar, takardarka ma ta hannunta ta biyo. Ka tambayi zuciyarka tsakani da Allah ko za ka iya jin "ina rasit ɗin mai?" daga bakinta ba tare da ka ce ta raina ka ba. Na ga maza da yawa a nan da suka kasa. Ita ma a yi mata adalci: dukiyar mace tata ce, aure bai mayar da ita taka ba, kuma in mota ta cinye dala 35,000 ɗin nan, tsayuwar dare ce ta shekaru a kan marasa lafiya ta tafi.

Bayan rikicin Wayomin wani dattijo a masallacinmu, mutumin Damagaram, ya zaunar da mu ya karanta mana ayar bashi ta cikin Baƙara, ya ce aya mafi tsawo a Alƙur'ani a kan rubuta kuɗi ta sauka, mu su wa da za mu ce soyayya ta ishe mu. Muka je wurin lauya. Aka rubuta kason kowa a kamfanin, kuɗinta bashi ne ko jari, albashina nawa, nata na neman lodi nawa, wa zai ɗauki mota in an rabu ko an mutu. Muka raba asusun mota da na gida. Muka kuma sa doka, in an zauna cin abinci ba a ambaton kishiya.

Don haka ka zo, ku yi aure, ka samu takarda da lasisi, ka yi wa wani kamfani tuƙi shekara 2. Ka koyi ja da baya cikin matsatsin ɗakunan ajiya da tuƙin ƙanƙara da motar wani, ba da taku ba. Ka guji kamfanonin da za su ce ka ɗauki mota ana cirewa a albashi har ta zama taka, da yawa sun ƙare ba mota ba kuɗi. Ita kuma kada ta bar aikin jinya, don albashinta da inshorar lafiyar da ke biye da shi su ne za su riƙe gidan a watan da mota ke gareji. Wasu ma'auratan kan yi lasisi su biyun su riƙa karɓa-karɓa, mota ba ta tsayawa, kuɗi ya fi shigowa. Mun gwada wata 4, a ɗakin da bai kai shagon mai shayi ba, ga tukunyar miya ga dardumar salla, muka ga ba namu ba ne.

Maiɗakina ta ce ka ba yarinyar lambarta, akwai maganar da sai mace da mace. Ni kuma ka turo mini hoton lasisinka da shekarar haihuwarka ta akwatin sirri, in tambayi makarantar da na yi nawa suke karɓa bana. Gobe da asuba ina da lodin katako zuwa Atalanta, in ka kira ban ɗauka ba ina kan sitiyari ne.