Baƙin mai: 5W-30 ko 20W-50 zan zuba wa Corolla ta?

Tambaya: Salam oga. Ina da Corolla 2007 'yar Kwatano, a murfin wajen zuba baƙin mai an rubuta 5W-30, amma bakanikena ya ce wai wannan na ƙasar sanyi ne, zafin Kano sai 20W-50. Wa zan bi?

Amsa: Wa alaikumus salam malam. Bi murfin kawai.

Lambobin nan biyu ne ai. Ta farko mai W tana nuna yadda man ke gudu ne lokacin da inji yake a sanyaye, wato da asuba in ka tayar da mota, ƙaramar lamba ta fi saurin kaiwa saman inji. Ta biyun ita ce kaurinsa in ya yi zafi, kuma a digiri 100 ake auna ta. To ka ga zafinmu ko a watan Afrilu arba'in da wani abu ne, alhali injin da ke da lafiya yana aiki ne a wajen 90 zuwa 100 ko a Kano yake ko a Jamus, don haka zancen wai rana za ta tsinka 5W-30 ya koma ruwa bai taso ba.

Bakaniken naka ba mugunta yake ba fa, a kan Fijo 504 da tsofaffin Golf aka koyi aikin, su kuwa mai kauri suke so. Amma injin motarka VVT-i ne, hanyoyin mansa ƙanana ne kuma da ƙarfin man ne yake daidaita buɗewar bawul, in ka ɗura masa 20W-50 sai ka ji ƙara-ƙara da safe, motar ta yi nauyi, ga shan fetur da tsadar nan.

Inda nake ɗan sassautawa shi ne in injin ya tsufa yana shanye mai ko yana hayaki shuɗi. Nan za ka iya hawa 5W-40 ko 10W-40, amma lallaɓawa ce kawai kafin a duba ringin fistin na cikin injin.

Ni wallahi jabun mai ma ya fi ba ni tsoro. Kar ka sayi na awo a bakin titi, nemi galan a rufe mai tambarin API SN ko SP, wato alamar matakin ingancin man da ake bugawa a jikin galan, kuma duk juye ka canza filta, balle da ƙurar hunturu.