Wace Sandar Walda Ta Dace Da Ƙarfen Sitenles?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni mai walda ne a Zariya. An kawo mini tankin sitenles na wata masana'antar yogot in ɗinke gindinsa, in kuma sa masa ƙafafu na baƙin ƙarfe. Na yi aikin da sandar walda 6013 da muka saba da ita, bayan 'yan makonni layin waldar ya yi tsatsa, ƙafa ɗaya kuma ta tsage. Wace sanda ya kamata in saya?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Sanduna biyu aikinka yake buƙata, 308L ga jikin tankin, 309L ga wurin da ƙafa ta haɗu da tanki.

Abin da ke hana sitenles tsatsa shi ne sinadarin kuromiyam da ke cikinsa, wanda ba ya gaza kashi 10.5 cikin ɗari. Ita kuwa 6013 ta baƙin ƙarfe ce, ba ta da shi. Da ka narka ta a jikin tankin, sai ka shimfiɗa layin da ruwa zai ci. Kuma idan ta gauraya da sitenles, abin da ke fitowa ƙarfe ne mai tauri marar juriya, shi ya sa ƙafar ta tsage.

Galibin tankunan abinci da sitenles mai lamba 304 ake yin su, mai kuromiyam kashi 18 da nikel kashi 8. Abokiyar aikinsa ita ce 308L. An ɗan ƙara mata sinadaran biyu fiye da na 304 don cike abin da wuta ke cinyewa. Idan kuwa 316 ne, wanda ake sa wa molibdinam kashi 2 zuwa 3 don ya jure gishiri da kulorin, to 316L za ka nema. Ka sa masa 308L, farantin zai tsira amma layin waldar ne zai fara rarakewa.

Harafin L ɗin nan kada ka raina shi. Yana nufin kabon ɗin sandar kaɗan ne ƙwarai. Idan sitenles ya daɗe a zafin da ke tsakanin digiri 450 zuwa 850 a ma'aunin Salshiyas, kabon yana kama kuromiyam ya riƙe, sai gefen waldar ya rasa kariyarsa. Tankin da za a riƙa wankewa kullum ba ya yafe wannan.

Yanzu ga inda masu walda da yawa ke faɗawa, har da waɗanda suka ƙware. Mutum ya ji an ce sandar sitenles, sai ya ɗauki 308L ya haɗa sitenles da baƙin ƙarfe. Baƙin ƙarfen da ya narke yana surka waldar kamar yadda ruwa ke surka nono, kuromiyam da nikel su yi ƙasa, layin ya yi gautsi. An yi 309L ne domin wannan matsalar: kuromiyam ɗinta ya kai kashi 23, nikel kuma 12 zuwa sama, ko an surka ta akwai saura. A ganina shagon da ke taɓa sitenles bai kamata ya rasa kwalinta ba, ko da tsadarta.

Kafin ka je kasuwa, tabbatar da irin ƙarfen da ke hannunka. Duba jikin farantin, sau da yawa ana buga lambar. Mayen ƙarfe yana taimakawa amma ba ya yanke hukunci. Idan ya manne sosai, wataƙila 430 ne. Idan bai manne ba, zai iya zama 304, zai kuma iya zama 201, wannan mai arha da ake yin get da makarin bene da shi, wanda aka rage wa nikel aka cike da manganis. Shi ma 201 da 308L ake walda shi, sai dai kada a yi wa mai kaya alkawarin ba zai taɓa tsatsa ba.

Idan injin lantarki na sanda kake da shi, nemi wadda aka rubuta E308L-16 da E309L-16, tana aiki da AC da DC. Ga faranti marar kauri, ta milimita 2.0 ko 2.5 ta isa. Rage wuta ƙasa da yadda kake ba 6013 mai kauri ɗaya, domin sandar sitenles tana saurin yin ja, rufinta ya zube. Mai injin agon kuma, wato mai walda da iskar gas ta agon, wayar ER308L da ER309L zai saya, kuma cikin tankin abinci aikin agon ya fi tsabta nesa ba kusa ba.

Tsohuwar waldar dole ka gurje ta gaba ɗaya har sai farin ƙarfe ya bayyana, kada ka ɗora sabuwa a kanta. Faifan gurza da burushin waya su zama na sitenles kaɗai, domin wanda ya taɓa baƙin ƙarfe yana dasa ƙurarsa, gobe ka ga ɗigo-ɗigon tsatsa ka zargi sanda. Ɓawon waldar sitenles yana tsalle da kansa idan yana hucewa, don haka kada ka cire tabarau da wuri. Hayaƙinsa kuma yana da illa ga huhu, ka yi aikin inda iska ke ratsawa, musamman idan sai ka sa kai cikin tankin.