Makamai masu linzami na gajeren zango: ina suke kaiwa, wa ke sayar da su?

Malam, ka tambaya ko gaskiya ne abin da ake faɗa a fadar shayi nan Damagaram, wai kowace ƙasa mai kuɗi tana iya sayen irin waɗannan makamai.

Ana kiran makamin na gajeren zango idan tafiyarsa ba ta wuce kilomita 1,000 ba. Injin roka ke cilla shi sama, sannan ya gangaro da gudun da ke wahalar tarewa. Tsohon Scud-B na Tarayyar Sobiyat yana cin kilomita 300, wato daga Zinder zai kai Kano, amma Yamai ta yi masa nisa. Libiya ta harba irinsa wajen tsibirin Lampedusa na Italiya a 1986, ya faɗa teku, don saitinsa ba shi da kyau.

Sayarwa kuwa da ƙa'ida. Tun 1987 akwai tsarin MTCR, wata fahimtar juna tsakanin wasu ƙasashe, wanda ke taƙaita fitar da makamin da ke iya ɗaukar kaya mai nauyin kilo 500 zuwa nisan kilomita 300. Shi ya sa makamin Iskander na sojojin Rasha ke kai kilomita 500, amma wanda aka kai Aljeriya an rage shi zuwa 280. Sai dai tsarin ba doka ba ce mai hukunci, kuma Iran da Koriya ta Arewa ba sa ciki.

Kada ka haɗa su da jirage marasa matuƙa irin Bayraktar da Nijar ta saya daga Turkiyya, aikinsu daban. Bidiyon WhatsApp ma a yi hattara, da yawa tsofaffi ne. Don sanin wa ya sayi me, duba bayanan SIPRI, cibiyar Suwidin mai bin diddigin cinikin makamai, ko ka tambayi tsohon hafsan soja.