Ina Cips Ɗinmu Na Da? Amsoshin Tambayoyinku Kan Ɗanɗanon Da Aka Daina Yi

Wasiƙun wannan wata sun taru a kan cips na leda, wato siraran yankan dankalin Turawa da ake soyawa su yi ƙaras-ƙaras a barbaɗe su da garin ɗanɗano. Yawancinsu daga masu karatu ne mazauna Ingila da waɗanda suka yi zama a can. Masu sana'ar haɗa kayan ɗanɗano da ke kula da wannan shafi ne suka amsa.

Tambaya: Na daɗe ina cin Brannigans mai ɗanɗanon gasasshen naman sa da mastad, sai ya ɓace. Cips ɗin Walkers mai miyar Worcester (wani tsinkakken romo mai tsami na kwalba da ake yayyafa wa abinci), mai ledar nan ruwan shunayya, shi ma ya bi bayansa. Me ya sa kamfani zai kashe abin da mutane ke so? (Wani magidanci, Birmingham)

Malam, kamfani ba ya ƙirga masu so, masu saye yake ƙirgawa. KP Snacks ya tsayar da Brannigans a 2020 saboda ciniki ya ja baya, Walkers kuma ya tabbatar da janye mai miyar Worcester a 2023. Masu kukan rabuwa da irin wannan cips sukan fi masu sayensa kowane mako yawa, kuma kuka ba ya biyan kuɗin kanta.

Kanta ita ce dalili na farko. Gurbin da babban kanti ke ba kamfani ƙayyadadde ne, sabon ɗanɗano ba ya shiga sai wani ya fita, kuma wanda ya fi daɗewa yana shan ƙura shi ake cirewa.

Na biyu yana cikin masana'anta. Dankali ɗaya ake soyawa, a mai ɗaya. Bambancin duka yana faruwa ne a cikin wata ganga mai juyawa, inda ake zuba gari a kan cips yana da ɗumi. Duk lokacin da za a sauya ɗanɗano sai an tsayar da layin an tsabtace gangar, musamman idan garin na da madara, alkama ko mastad, waɗanda ke tayar wa wasu mutane da ciwo. Awannin nan asara ne. Ga ledar da ake bugawa da yawa lokaci guda, ga garin da ba a sayar wa kamfani ƙaramin awo, kuma idan ya daɗe a sito sai ya dunƙule, ƙamshinsa ya gudu.

Wasu kuwa tun ranar haihuwarsu aka haƙa musu kabari. A 2009 Walkers ya fitar da ɗanɗano shida na gasa, har da mai sunan kurege da mai cakulan da barkono. Builder's Breakfast, wato mai ɗanɗanon karin kumallon magina, ya yi nasara, shi ma bai daɗe a kasuwa ba. Kamfanin cips na Lay's ya yi irin wannan a Amurka, inda a 2014 har cips mai ɗanɗanon kofi da madara aka gani. Talla ce aka soya, ba abinci ba.

Doka ma tana kashe ɗanɗano. A 2024 Tarayyar Turai ta ƙi sabunta izinin sinadaran ƙamshin hayaƙi guda 8 saboda shakkun illarsu ga ƙwayoyin halitta, ta ba masu cips shekara 2 su nemi madadi.

Tambaya: Mai miyar Worcester ya dawo a 2025, na saya da murna, amma ba shi ba ne. Harshena ne ya canza ko ha'inci ne? (Wata uwargida, Leicester)

Hajiya, ba ha'inci ba ne, amma kada ki zargi harshenki shi kaɗai. Wanda ya dawo an yi shi ne da haɗin gwiwar Lea & Perrins, masu ainihin miyar, don haka sabon haɗi ne ɗauke da tsohon suna.

Ko da garin bai canza ba, abin da ke ƙarƙashinsa ya canza tun daga yarintarki zuwa yau. Kusan kashi ɗaya cikin uku na nauyin cips mai ne, kuma mai shi ke ɗaukar ƙamshi ya kai shi hanci. A 2006 Walkers ya koma soyawa da wani nau'in man sunflower mai ƙarancin daskararren kitse, ya kuma rage gishiri. Gishiri kuwa shi ke ɗaga sauran ɗanɗano: a rage shi kaɗan, sai tsami ya yi kaifi, zaƙi ya kwanta, albasa ta yi nisa. Gari ɗaya a kan sabon mai da ragaggen gishiri wani cips ne daban.

Sai kason harshe. Yaro ya fi babba son zaƙi da gishiri, kuma abin da kike tunawa ya haɗa da yunwar bayan tashi daga makaranta. Wannan babu masana'antar da ke da garinsa.

Tambaya: Na ga ana sayar da tsofaffin ledojin da ba a buɗe ba a kasuwar intanet ta eBay. In saya in ci? (Wani ɗalibi, Landan)

Saya ka ajiye idan kana tara kayan tarihi, amma kada ka ci. Kumburin da kake gani a leda iskar naitirojin ce da aka hura don korar iskar da ke lalata mai. Watanni take karewa, ba shekaru ba. A hankali iska da danshi suna shiga, man ya tsufa ya koma warin tsohon fenti, cips ya yi laushi kamar kwali. Ƙamshin da kake nema shi ne ma farkon gudu. Za ka biya kuɗi mai yawa ka ɓata tunanin da kake da shi.

Tambaya: An ce a da akwai cips na bushiya. Gaskiya ne? Kuma masu sunan nama ɗin nan, halal ne? (Wani mai karatu, Manchesta)

An yi shi. Wani mai mashaya a garin Welshpool na yankin Wales, Philip Lewis, ya fito da shi a 1981. Babu ko ƙayar bushiya ɗaya a ciki: kitsen alade ne da ganyayyaki. Hukuma ta taso shi kan yaudarar suna, aka daidaita ta hanyar gyara lafazin leda, daga mai nufin "an ɗanɗana da bushiya" zuwa "mai ɗanɗano irin na bushiya".

Wannan labari shi ne amsar tambayarka ta biyu. Sunan da ke gaban leda ba ya gaya maka abin da ke ciki, ta kowane ɓangare. Shekaru da yawa cips ɗin Walkers mai sunan naman alade ba shi da nama ko kaɗan, sai a 2013 kamfanin ya sa ainihin nama a cikinsa da mai sunan kaza, daga baya ya sake cirewa. Don haka abin da ka karanta shekara biyar da suka wuce ba hujja ba ce yau. Juya leda ka duba alamar halal ko ta masu ƙaurace wa nama. Sinadarin ƙara ɗanɗano mai lamba E631 da za ka iya gani a jerin kayan haɗi kan fito daga nama, kifi ko tsirrai, lambar kaɗai ba ta bambancewa.

Tambaya: Na dawo gida, ina kewar mai miyar Worcester da mai gishiri da khal. Na yayyafa miyar a kan cips, ya jiƙe ya lalace. Yaya zan yi da dankalin Jos? (Wata mai karatu, Kaduna)

'Yar'uwa, kuskurenki ruwa ne. Danshin cips bai kai kashi 2 cikin 100 ba, ɗigo kaɗan ke kashe shi. Tun 1954, da Joe Murphy na kamfanin Tayto ya fito da mai cuku da albasa a Dublin, busasshen gari ake amfani da shi. Kafin nan gishiri kawai kamfanin Smith's ke ƙullawa a 'yar shuɗiyar takarda a jefa cikin leda.

Fara da dankali. Narkar da gishiri giram 120 a lita ɗaya ta ruwa, ki jefa su ciki. Wanda ya nutse yana da gari sosai, shi ne na cips. Wanda ya taso ruwa ya yi masa yawa, a bar shi ga fate. Kada ki yi amfani da wanda ya zauna a firij: sanyi na mayar da sitacinsa suga, sai ya yi baƙi da ɗaci tun bai bushe ba.

Yanka shi kaurin katin ATM biyu a haɗe, wajen milimita ɗaya da rabi, kuma kauri ya zama ɗaya, in ba haka ba siriri zai ƙone mai kauri yana ɗanye. Wanke har ruwan ya daina fari. Shanya a kan tsabtataccen ƙyalle, ki danne da wani, sai ya daina sheƙi. Mai ya kai digiri 170 zuwa 175, ki zuba cikin tafin hannu ɗaya a kowace lita. Kika cika kasko zafi zai faɗi, dankali ya sha mai ya yi lagwaf. Kunnenki ne agogo: idan kumfa ta kwanta, ƙarar suya ta yi shiru, ruwa ya fita, kwashe. Giram 600 na ɗanye zai ba ki kamar giram 150.

Ga garin. Kwaɓa gishiri giram 25 da miyar Worcester babban cokali 6, ki baza a faranti, ki busar a oben mai digiri 90 har ya zama ɓawo, awa ɗaya zuwa biyu. Idan babu miyar, jiƙa tsamiya ki tace mai kauri, don tsamiya na cikin ainihin kayan haɗinta. Ƙara suga giram 20, garin albasa 20, garin tafarnuwa 5, farin magi 5, garin tsamin lemo wato sitirik asid 5, masoro 2, kanumfari 1. Sitirik ɗin dole ne, saboda khal ɗin da ke cikin miyar ya bi iska lokacin busarwa. Niƙa duka ya yi laushi kamar fulawa, ki tankaɗe da rariya. Gishiri mai tsakuwa ba ya kama cips, gindin kwano yake taruwa.

Awon barbaɗawa giram 6 ne a kan giram 100 na cips, kuma lokacinsa minti ɗaya bayan kwashewa, sa'ad da mai ke sheƙi a jiki. Kika yi da wuri suga zai narke ya yi danƙo, kika bari ya huce gari zai zube. Zuba ta rariya kina juya kwano, sau biyu ko uku maimakon lokaci guda.

Mai khal ya fi sauƙi. Masana'anta na amfani da busasshen sinadarin khal, ke kuwa jiƙa ɗanyen yankan a khal da ruwa rabi da rabi na minti 40, ki busar sosai, ki soya, ki barbaɗa niƙaƙƙen gishiri da ɗan sitirik. Ki saurari tsami mai laushi, bai kai na leda yankan leɓe ba.

Da damina garin nan kan dunƙule cikin kwana biyu ko uku. Ajiye shi a kwalba mai murfi da 'yan ƙwayoyin ɗanyar shinkafa a ƙulle cikin ƙyalle, cips kuma sai ya huce sarai kafin a rufe shi.