Amsa: Mustang GT 2012 mai doki 650, sai an canza bak aksul ne?

Salam ɗan uwa, na ga tambayarka cewa ka ɗora wa Mustang ɗinka supercharger, na'urar da ke cusa wa inji iska, ta kai ƙarfin doki 650, kana tunanin cire bak aksul ɗin gaba ɗaya ka sa Ford 9-inch, wato bak aksul ɗin Ford da babbar giyarsa ke da faɗin inci 9. Ni dai a ganina kar ka yi gaggawa. Wanda ke jikinta mai inci 8.8 ne, shaf ɗinsa mai haƙora 31, kuma wallahi yana da jimiri, mun sha ganinsa yana ɗaukar irin wannan ƙarfin in dai an gyara masa wuraren da yake da rauni.

Abin da ba ka faɗa ba shi ne wace taya kake sawa, don ita ce ke yanke hukunci. Tayar titi in ka taka sai ta yi ta juyi a banza, ƙarfin ya tafi a hayaƙi, amma ranar da ka sa mai kama ƙasa ta tsere kuma ga giyar hannu kana sakin kuloci lokaci ɗaya, to duk bugun nan a kan haƙora da shaf zai sauka.

Fara da walda. Bututu biyun da shaf ke bi ta cikinsu cusa su aka yi cikin gidan giyar aka ɗan ɗiga musu walda, ƙarfi na iya murɗa su, a zagaye su da walda amma wurin wanda ke da abin daidaita su, in ba haka ba zafi ya karkatar da su ka dinga cin boris. Sai C-clip, ɗan ƙarfen da ke riƙe shaf daga ciki, in shaf ya karye ba abin da ke riƙe tayar sai birki, shi ya sa masu tsere ke kawar da shi.

Traction-Lok na kamfani, abin da ke raba ƙarfi tsakanin tayoyin baya don kar ɗaya ta juya ita kaɗai, faifan kuloci ne a ciki, suna cinyewa, sai ka ga taya ɗaya ke juyawa. Ni Eaton Truetrac nake so a madadinsa, haƙora ne zalla. Spool kuwa, mai kulle tayoyin biyu su juya tare, bar wa filin tsere, a kwana motar turjiya take yi.

Wajen rashiyon giyar bak aksul, kar a ruɗe ka da 4.10, da supercharger giyar farko ta zama ba ta da amfani, 3.31 ko 3.55 sun ishe ka.

Inda ake yawan ɓata aiki wajen ɗauri ne. Makanikin da ba shi da agogon awo kar ya taɓa maka, sakin da ke tsakanin kirawun da finiyon, wato babbar giya da ƙaramar da ke juya ta, wajen 0.008 zuwa 0.012 na inci ake nema, a shafa fenti a haƙora a juya a ga tambarin ya zauna tsakiya. In an kuskure za ka ji kuka tun a gudun 80. Zuba man giya 75W-140, ka lallaɓa ta kilomita 800 na farko sannan ka juye man.

9-inch sai in kana shirin wuce doki 800 da tayar tsere.