Auna jinkirin layi tsakanin Yamai da Faransa

Malam, ka ce saba (babbar kwamfuta mai ba da hidima a intanet) ɗaya tana nan Yamai, ɗaya kuma a Paris, layin yana nauyi da yamma, kana son zanen da zai nuna maka hakan.

Ni SmokePing nake sakawa, wata manhaja ce ta auna jinkirin layi. Yadda yake zuwa, yana jefa ping (ɗan saƙon gwaji da ake auna lokacin zuwansa da dawowarsa) 20 kowane minti 5, ya zana tsaka-tsakin lokutansu da layi, bambancinsu kuma kamar hayaƙi. Hayaƙin nan shi ne abin dubawa: in ya yi kauri bayan la'asar, cunkoso ne.

Kar ka sa ran abin al'ajabi fa. Haske a cikin fiba (igiyar gilashi mai ɗaukar intanet) yana cin kilomita 200 ne a milisakan ɗaya, mu kuma a Nijar ba mu da teku, sai an gangara gaɓa tukuna a kama igiyar ƙarƙashin ruwa.

Kuskuren da na sha gani: a auna daga ɓangare ɗaya kawai. Hanyar zuwa ba lalle ta zama ta dawowa ba, ka saka SmokePing a duka sabobin biyu. Wasu rauta (na'urorin da ke miƙa saƙo a kan hanya) kuma ba sa damuwa da amsa ping, sai mtr (manhajar da ke gwada kowane zango na hanyar) ya nuna asarar ping a tsakiya alhali ƙarshe lafiya lau.

In asarar ta kai har ƙarshe, ɗauki zanen mako guda ka kai wa injiniyoyin kamfanin da ke ba ka intanet.